Kafinta da Injinsa: Abin Dubawa Kafin a Zare Kuɗi

Daga Rajab zuwa Sha'aban, lokacin da iyaye ke rige-rigen aurar da 'ya'ya kafin azumi, shagon kafinta ba ya barci. Gado, wadirof, madubi, kabad ɗin kicin, kowanne an karɓi kafin alƙalami, kowanne da ranar da za a zo ɗauka. A irin wannan matsi ne kafintoci da yawa ke yanke shawarar cewa zarton hannu ya gaza, su nufi kasuwa neman inji. A irinsa kuma aka fi yin sayen da ake cizon yatsa.

Matsin ba na lokaci ba ne kawai, kayan aikin ma sun sauya. Kayan ɗakin amarya na yau galibi ba na tsagwaron katako ba ne, na allunan MDF da HDF ne masu ƙafa 4 a ƙafa 8, waɗanda aka lulluɓe fuskarsu da leda mai sheƙi. Zarton hannu yana ɓantare wannan ledar, ya bar bakin allo kamar ɓera ya gwaguya. Hinjin da ake ɓoyewa a bayan ƙofar wadirof yana buƙatar rami mai faɗin milimita 35, zagayayye, mai shimfiɗaɗɗen gindi, wanda ba zai ɓullo ta ɗaya fuskar ba. Babu gwanintar hannun da za ta fitar da irin wannan ramin guda arba'in a yini. Shi ya sa wanda ya ratsa 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Kugbo a Abuja, ko kasuwar Katako ta Yamai, kukan inji zai fara ji kafin bugun guduma.

Waɗannan injina ba su da wani dogon tarihi. A 1895 kamfanin Fein na birnin Stuttgart a Jamus ya fitar da injin huda na lantarki da ake riƙewa a hannu. A 1917 Black & Decker na Baltimore a Amurka suka yi rajistar irin riƙon nan mai kama da bindiga, da makunnin da ake ja da yatsa, wanda har gobe shi ake gani. Zarton lantarki na hannu mai faifai ya samo asali ne daga gonar rake: Edmond Michel na New Orleans ya so ya sauƙaƙa wa masu saran rake, dabarar ta ɓulle a katako, aka kafa kamfanin da ya zama Skil a 1924. Wanda ya fi ban sha'awa shi ne ƙaramin zarton yanka lanƙwasa. Wani injiniya a Suwizalan, Albert Kaufmann, a 1946 ya cire allurar keken ɗinkin matarsa ya ɗaura tsinken zarto a gurbinta. Makita na Japan, wanda ya soma a 1915 da sayar da moton lantarki da gyaransa, sai a 1958 ya fitar da injin kankare katako na hannu.

Duk waɗannan an ƙera su ne a ƙasashen da wuta ba ta wasa. A nan kuwa, tambayar farko ga mai sayen inji ita ce: da wace wuta zai yi aiki? Yawancin masu saye sai sun dawo gida suke tuna ta.

Wutar gidajen Nijeriya da Nijar tana tsakanin bolt 220 da 230. Ta Amurka 120 ce, ta Japan 100. Injin gwanjo da ya fito daga can, ko da sabo ne dal a kwalinsa, idan aka soka shi kai tsaye a soket ɗinmu zai yi wani irin ihu na ɗan lokaci, sai hayaƙi, sai warin ƙonannen koyil. Akwai ƙaramar lambar ƙarfe ko takarda a jikin kowane inji da ke faɗin wutar da yake sha, kuma karanta ta bai kai minti ɗaya ba. Wanda ya ga 100, 110 ko 120, to ya haɗa da kuɗin taransifoma mai rage wuta a lissafinsa, kuma mai ƙarfin da ya zarce na injin.

Rashin ƙarfin wuta ma yana kashe inji, sai dai a hankali. Idan wuta ta zo rabi-rabi, ko aka jawo ta da doguwar siririyar waya daga maƙwabta, moto yana rasa ƙarfi, faifai ya riƙa sarƙewa a cikin katako, mai aiki ya ƙara dannawa, koyil ya ɗau zafi. Haka batun janareto. Zarton lantarki na hannu yakan sha wat 1,200 zuwa 1,800, kuma a daidai lokacin tashi yana fizgar fiye da haka. Ƙaramin janareton nan na hasken ɗaki da fanka bai kai wat 1,000 ba. Haɗa su wuri ɗaya asara biyu ce. Manyan injinan da ake kafewa a ƙasa sun fi tsanani, domin motocinsu kan ja ninkin-ba-ninkin wutar aikinsu kafin su daidaita.

Wannan ne ya sa injinan batir suka sami karɓuwa, musamman ga masu zuwa ɗaura kabad da ƙofofi a gidajen da ba a ja wa wuta ba tukuna. Black & Decker ne suka fara fitar da injin huda mara waya a 1961, amma sai da batirin litiyom ya shigo, wanda Makita ya sa a kayansa a 2005, sannan suka zama na aikin yini. Mai saye ya sani cewa batirin ne jarinsa, domin na wannan kamfani ba ya shiga injin wancan. Wanda ya fara da iri ɗaya ya ɗaure kansa da shi. Kada kuma lamba ta ruɗe shi: batirin da aka rubuta wa 20V Max da wanda aka rubuta wa 18V abu ɗaya ne, ƙwayoyi biyar ne a jere a cikinsu, wancan ya faɗi ƙarfinsu daga caji, wannan ya faɗi ƙarfinsu a bakin aiki. Abin dubawa shi ne lambar Ah, wadda ke nuna daɗewarsa. Zafi kuwa babban abokin gabar litiyom ne. Batirin da aka bari a kan kwano ko cikin mota a ranar watan Afrilu yana rage kwana.

Da wanne za a fara? Ga kafintan kayan ɗaki, injin huda mai ɗaura sukuru ne na farko, don babu aikin da ba ya shiga. Sai zarto mai faifai. Sai rauta, wato injin da ke fitar da ado a bakin katako yana kuma haƙa kwari. Sai injin samfefa. Babban injin tsaga da na daidaita kaurin falanki ba na gaggawa ba ne, tunda a kowace kasuwar katako akwai masu su, suna yi wa mutum a kan kuɗi kaɗan kowane falanki. Kafintan da ya zuba duk jarinsa a babban injin da zai kunna sau biyu a mako, ya sayi abin nuna wa baƙi ne.

Inda aka fi yin sakaci shi ne faifan zarton kansa. Mutum zai yi ciniki na awa guda a kan inji, sannan ya karɓi duk faifan da aka miƙo masa. Alhali haƙori ne ke taɓa katako. Faifai mai haƙora 24 na tsaga falanki ne a tsawonsa: yana ci da sauri, yana zubar da dusa, amma bakin aikinsa da kaushi. Yankan gicciye da yankan allunan leda suna son haƙora 60 zuwa 80, ƙanana, masu tafiya a hankali. Wanda ya juya lamarin zai ga ɗayan biyu: ko allo ya ɓantare, ko falanki ya yi baƙin ƙuna yana hayaƙi. Ana saita zurfin faifan yadda haƙori zai ɗan leƙo kaɗan a ƙarƙashin katakon, ba a sake shi duka ba.

Irin itacen ma yana da ta cewa. Obece da malaina masu laushi ne, kusan kowane faifai yana wucewa. Maɗaci da maɗobiya sai mai bakin kabayid. Loko, wanda 'yan kasuwa ke kira iroko, yana da wata ɗabi'a: a cikinsa akan tarar da dunƙulen farin dutse da itacen ya tara yana raye, kuma karo ɗaya da shi ya isa ya dakushe sabon faifai. Katakon da aka ciro daga tsohon rufi kuwa, sai an bi shi an zare ƙusoshi. Faifan da ya dakushe ba a yi masa dole. A kai shi wasawa ko a sauya, domin shi ne ke ƙona moto, shi ne kuma ke sa mai aiki ya riƙa turawa da ƙarfin da zai kai hannunsa inda bai yi niyya ba.

Kasuwa cike take da jabu, musamman masu ɗauke da sunan Bosch, Makita da DeWalt. Araha ba ta ado: inji mai babban suna a rabin kuɗinsa abin tuhuma ne. Masu gyara kan gane jabu tun daga nauyi, domin an naɗa koyil ɗinsa da waya mai arha a madadin jan ƙarfe, sannan daga ƙarar giya da yawan tartsatsi ta ramukan iska. Ga mai ƙaramin jari, gara ya sayi na gaskiya daga matsakaitan kamfanoni irin su Ingco da Total, da ya sayi na ƙarya mai tambarin manya. Kafin ya biya kuma, ya tambayi mai gyaran unguwarsu ko ana samun burosh da amecar wannan samfurin. Burosh ɗan guntun gawayi ne da bai kai ɗan yatsa ba, cinyewa yake yi da aiki, kuma rashinsa kan jingine inji lafiyayye wata da watanni.

Sai maganar da ba a so a ji. Faifai mai faɗin milimita 185 yana juyawa kusan sau 5,000 a minti, wato bakin haƙoransa na gudun da ya wuce kilomita 170 a awa. A Amurka, inda ake ƙididdige irin wannan, hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta ƙiyasta cewa zarton tebur kaɗai yana kai mutum fiye da 30,000 asibiti a shekara. Wannan ne ya sa wani lauya mai sha'awar kafinta, Steve Gass, ya ƙirƙiro SawStop a 1999, zarton da ke jin taɓawar fatar mutum ya tsaya cak cikin abin da bai kai kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa ba. Tsadarsa ta sa ya yi nisa da shagunanmu. Abin da ke kusa shi ne murfin da kamfani ya sa wa faifai, wanda a shaguna da yawa za a tarar an ɗaure shi baya da waya, ko an cire shi gaba ɗaya wai yana tare gani.

Rauni da yawa ba daga sakacin kallo yake zuwa ba, daga harbin inji ne. Falankin da bai gama bushewa ba yakan matse bayan faifai ana tsakiyar tsaga, haƙoran baya su cafke shi su wurgo shi ga mai aiki, hannu ya zame gaba. Ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan da ke tsaye a bayan faifan zarton tebur aikinsa ke nan, ya hana tsagar rufewa. Guntun katako na tura falanki kuwa, a tarkacen shago ake yanko shi kyauta. Mafi muni duka shi ne ɗaura faifan katako a giranda ta masu walda. Ƙaramar giranda tana juyawa kusan sau 11,000 a minti, ba ta da tafin da zai zauna a kan katako, kuma idan ta cije sai ta yi tsalle ta nufo fuska ko cinya. Jamfa mai faɗin hannu, carbi a wuya da safar hannu duk abin da faifai ke iya fizga ne.

Akwai kuma haɗarin da ya keɓanta da mu. An ɗauke wuta ana cikin yanka, kowa ya watse, an bar makunni a kunne. Yaro ya zo yana share dusa a bakin faifai, sai a dawo da wuta. Akwai makunnin da ke sakin kansa da zarar wuta ta ɗauke, kuma duk injin da aka haɗa a gida ya kamata a sa masa shi. In babu, a zare waya daga soket, haka ma duk lokacin sauya faifai.

Ƙura ba ta zubar da jini, shi ya sa ake raina ta. Tun 1995 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako a rukunin farko na abubuwan da ke jawo kansa, musamman ta cikin hanci. Ƙurar loko tana tayar da asma da ƙaiƙayin fata, ta mansoniya tana sa atishawa da haɓo, ta MDF kuwa lallausa ce ƙwarai, ga sinadarin gam a cikinta. Hankici ko bakin rawani ba sa tare ta, sai takunkumi mai matata. Ƙara ma haka: abin da ya wuce desibel 85 na tsawon yinin aiki yana cin ji a hankali, zarto da rauta kuwa suna kaiwa 100. Shi kansa injin yana son a hure masa ramukan iska kullum bayan tashi, balle da hunturu.

Yawancin waɗanda ke tsaye a bakin waɗannan injina yaran shago ne, wasu ba su kai shekara 18 ba, iyayensu sun damƙa su amana don su koyi sana'a. Ogan da zai tafi kasuwa a wannan kakar bikin ya ware kuɗin tabarau, takunkumi da abin toshe kunne na kowane yaro tare da kuɗin injin, ya mayar da murafan da aka cire, kuma kada ya bar sabon yaro ya kunna zarto sai yana tsaye a kansa.