Guzurin Kyamara Zuwa Kalaba

A hutun damina na ziyarci kawuna a Kalaba, ɗauke da kyamarar da yayana ya ara mini. Kuɗina kaɗan ne, saboda haka na sayi batir na biyu da ƙyalle mai laushi na goge gilashi kawai. Mai kanti ya tallata mini ƙafar ɗora kyamara, na ƙi, domin bango ma yana yin aikinta.

Abin tsoro a can shi ne danshi. Shi ke sa gilashi ya yi fumfuna, gyaransa kuwa ya fi ƙarfin ɗalibi. Maganinsa da araha: robar abinci mai murfi, da ƙananan ƙunshin nan masu tsotse danshi na cikin kwalin sabon takalmi. Kullum dare a ciki nake rufe kyamarar. Da na dawo, yayana ya ɗaga gilashin a rana, ya tarar da shi garau.