Idan Injin Mota Ya Sake Murya

Kowane injin mota yana da muryarsa. Direban da ya daɗe da motarsa ya san muryar nan kamar yadda makiyayi ya san kukan shanunsa. Ran da muryar ta sake, to, akwai dalili. Da yawa cikinku ba ku da mota, amma kuna shiga ta ran kasuwa, waɗansunku kuma 'ya'yansu direbobi ne ko yaran mota. Saboda haka maganar nan ta shafe ku.

In an ji baƙuwar ƙara, sai direba ya ratse gefen hanya ya tsaya. Ya fid da giya, ya ja birkin hannu, ya bar injin yana aiki. In ƙarar ta ɗauke da tsayawar mota, galibi ba daga injin take ba, sai a duba wajen ƙafafu da ƙarƙashin mota. In kuwa tana nan, kuma tana ƙara sauri sa'ad da aka taka totur, to, daga injin take.

Akwai ƙara mai tsini, ƙiii, wadda a kan ji da safe in an ta da mota. Yawanci fanbel ne ya saki ko ya tsufa, yana zamewa. Gyaransa ba wuya, amma kada a ƙyale shi. A motoci da yawa shi ne ke juya famfon ruwa da abin da ke cika batir. In ya tsinke a daji, injin zai yi zafi.

Akwai kuma 'yar ƙara daga saman injin, cak-cak-cak, kamar keken ɗinki. Wannan daga wajen bawul take. Wani lokaci baƙin mai ne bai hau sama sosai ba, wani lokaci kuwa saiti ake bukata. In mai bai ragu ba, ana iya lallaɓawa a kai ta gareji.

Amma wadda nake so ku riƙe da kyau ita ce ƙara mai nauyi daga can ƙasan injin, ƙwam-ƙwam-ƙwam, kamar ana bugun ƙarfe da guduma. Ga dalilinta. A cikin injin akwai wani babban ƙarfe mai juyawa. Ko mota tana tsaye, yakan juya wajen sau 800 a minti ɗaya, in tana gudu kuwa ya haura 2,000. Baƙin mai ne ke shiga tsakaninsa da ƙarafan da ke riƙe da shi, don kada su gogi juna. In mai ya ƙare, ko ya lalace, sai ƙarfe ya ci ƙarfe, wurin ya yi sako-sako, ya fara bugawa. Da jin wannan, a kashe injin nan take. Haka kuma in jar fitilar nan mai hoton buta ta kama a gaban direba. Na sha jin fasinja suna cewa, "Haba direba, ai mun kusa gari, lallaɓa mana." Wannan shawara ce mai tsada. Tafiya kaɗan ta isa injin ya buga, kuɗin gyaransa kuwa ya ninka kuɗin jan mota sau da yawa.

Bayan an kashe, a dakata kamar minti 10 mai ya koma ƙasa. Sa'an nan a zaro sandar awon mai, a goge ta da tsumma, a mayar, a sake zarowa. Akwai alama biyu a jikinta, mai ya kamata ya tsaya tsakaninsu. Ko an ƙara mai, in bugun bai daina ba, kada a tafi. A aika a kira makaniki.

In an ji huci, fuuu, ga tururi yana fita, ruwan lagireto ne ya tafasa. Kada kowa ya buɗe murfin sai ya huce, gama ruwan zai yi tsalle ya ƙona fuska. In kuwa mota ta fara ruri kamar babur, salansa ce ta huje. Hayaƙinta yana da guba wadda ba ta da wari, tana sa ciwon kai da barci, tana kisa. A sauke gilasai duka har a kai wurin gyara.

Za ku ga makaniki ya ɗora bakin doguwar sukundireba a jikin injin, ya kara kunnensa a ƙotar, yana neman inda ƙarar ta fi ƙarfi. In za ka leƙa tare da shi, tuɓe babbar riga da rawani tukuna, don fanka ba ta jira.

Ku da kuka iya rubutu yanzu, ga inda zai yi muku amfani. A ajiye ɗan littafi a mota. A rubuta ranar da aka juye baƙin mai da lambar da mitar tafiya ta nuna. In ƙara ta taso, a rubuta yaushe aka fara jin ta: da sanyin safiya ne ko bayan injin ya yi zafi, a hawan tudu ne ko a gangara. Makaniki zai tambayi waɗannan kafin ya kwance ko noti ɗaya.