Mece ce guguwar maganaɗisu? Waiwaye kan zagayen rana na 23

Asalin guguwar da ake yawan ambata a labarai yana cikin baƙaƙen tabon da ke fitowa a fuskar rana. Wurare ne da ƙarfin maganaɗisu ya taru, zafinsu bai kai na kewayensu ba, shi ya sa suke duhu. Yawansu kan hau ya sauka cikin kimanin shekara 11, kuma masana suna ƙirga zagayen ne daga 1755.

Na 23 ya fara a 1996, ya ƙare a Disambar 2008. Idan tabon suka yawaita, rana kan yi aman ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki. In suka doso duniya, sai su girgiza garkuwar maganaɗisun da ta kewaye ta, wutar da ba a gayyata ba ta kutsa cikin dogayen wayoyin lantarki, taransifoma ta ɗau zafi.

Haka aka yi a ƙarshen Oktoban 2003. Wuta ta ɗauke wa gidaje kusan 50,000 a birnin Malmo na Suwidin na kimanin awa guda. Japan ta yi asarar tauraronta na ɗan'adam Midori II, jiragen sama kuma suka kauce wa hanyoyin ƙuryar arewacin duniya saboda rediyo ya daina aiki sosai a can.