Ɗan Tanis Falke Ne

Duk wanda ya taɓa shiga Karar Wudil ran Juma'a ya san mai shanu ba shi da albashi. Shi zai biya kuɗin mota, shi zai sayi harawa, shi zai sallami dillali. In kasuwa ta yi kyau ya koma gida da riba, in ta juya masa baya ya koma da bashin direba. A cikin sana'o'in wasanni babu wadda ta ɗauko wannan kamanni kamar ta ɗan wasan tanis. Ɗan ƙwallon Kano Pillars, a ci su ko su ci, yana da kwantiragi, kuma kulob ne ke da alhakin motarsa da masaukinsa. Ɗan tanis kuwa kansa yake yi wa aiki. Tikitin jirgi, otal, ladan mai horar da shi, har kuɗin sake wa madokin ƙwallonsa tsirkiya, galibi daga aljihunsa suke fita, kuma abin da zai samu ya dogara ne ga zagaye nawa ya haye kafin a kore shi.

Ɗan Nijeriyar da ya fi kowa nisa a wannan fatauci shi ne Nduka Odizor, wanda aka haifa a Legas a 1958. Ba ɗan masu hali ba ne. Da tsintar ƙwallo ya fara a kulob ɗin Ikoyi, yana miƙa wa manya, yana kallon yadda suke juya hannu. Daga nan Allah ya haɗa shi da hanyar zuwa Amurka, ya yi karatu a Jami'ar Houston yana buga mata wasa, sannan ya shiga sana'ar ka'in da na'in.

Shekararsa ita ce 1983. A gasar Wimbledon ta Ingila, wadda ake yi a kan ciyawa, ƙuri'a ta haɗa shi tun a zagayen farko da Guillermo Vilas na Ajantina, gwarzon da ya riga ya ɗauki babban kofi har sau huɗu. Wasan maza a irin wannan gasa turmi biyar ne, in mun ari kalmar 'yan dambe, wanda ya fara cin uku shi ke da nasara. Vilas ya cinye biyun farko. Mai kallo zai ce an gama, a naɗe tabarma. Sai Odizor ya ci uku a jere. Ya ci gaba har zagaye na huɗu, wato cikin mutum 16 da suka rage daga 128, kafin Chris Lewis na New Zealand ya tsayar da shi, Lewis ɗin da ya kai wasan ƙarshe ya sha kashi a hannun John McEnroe. A wannan shekarar Odizor ya ɗauki kofi a Taipei, a 1984 kuma ya kai matsayi na 52 a duniya. Har yau babu namijin da ya riƙe tutar Nijeriya ya wuce wannan lamba.

Lambar nan ita ce jarin ɗan tanis, kuma a nan wahalar take. Kowace gasa tana da makinta. Wanda ya ɗauki ɗaya daga manyan kofuna huɗu, na Ostireliya, Faransa, Wimbledon ko Amurka, yana samun maki 2,000. Amma makin ba ya kwana a rumbu. Shekara na zagayowa sai ya zube, dole ka koma ka sake nomansa. Da matsayinka ake ba ka ƙofar shiga babbar gasa, a babbar gasa ake samun kuɗin kirki, da kuɗin kuma ake yawon neman maki. Wanda ke ƙasa sai ya yi ta zagaya ƙananan gasanni inda ladan mako ba ya kai kuɗin jirgi. In gwiwa ko kafaɗa ta tashi, wata shida a kwance na nufin babu shiga, ga maki na zubewa. Mu da muke ganin taurarin tanis irin su Djokovic a talabijin muna ganin wanda ya sayar da bijimi ne. Dubban da suka juyo da saniya rama ba a haska su.

Zamanin Odizor bai tsaya a kansa ba. Da tanis ya koma cikin wasannin lambobin Olamfik a Seoul a 1988, Nijeriya ta je da shi da Tony Mmoh da Sadiq Abdullahi. Abin da ke ba ni takaici shi ne ɗan Tony, Michael Mmoh, Amurka yake buga wa, kuma ban ga laifinsa ba: can ne filaye da masu horarwa da gasannin suke.

Ga yaron Wudil mai sha'awa, ƙofar da ta fi kusa tana Kano, tafiyar kilomita 40 da 'yan kai, inda aka daɗe ana shirya gasar Dala a kan filin daɓe, 'yan wasa na zuwa daga sassan ƙasar nan. Sai dai uba ya sani, wasan nan da ƙuruciya ake kama shi. Mafi yawan ƙwararru ba su kai shekara goma ba suka fara. Kuma kada a cire yaro daga makaranta saboda shi. Odizor kansa ta ƙofar jami'a ya bi ya fita duniya.