Uwargida, Ko Madara Ce Ke Kumbura Miki Ciki?

Yau za mu taɓo wata matsala da yawancinmu ke jin kunyar faɗa. Kin sha shayi mai kauri da safe, kafin hantsi ciki ya ɗaure tamau kamar ganga, yana ta ƙugi, ga iska, wani lokaci har da gudawa. Wata ta ce sanyi ne, wata ta ce basir ne, wata ma sai ta soma zargin an zuba mata wani abu. To, kafin zargi ya ɓata zaman gida, ki fara duba madarar.

Ga yadda abin yake. A cikin madara akwai wani irin sukari da likitoci ke kira laktos. Ƙaramin hanji ne ke samar da sinadarin da ke narkar da shi. Jariri yana da wannan sinadari isasshe, amma bayan yaye sai ya riƙa raguwa a jikin yawancin mutane, wajen kashi biyu cikin uku na manyan duniya. Idan sukarin bai narke ba, sai ya wuce babban hanji, ƙwayoyin da ke zaune a can su ruɓar da shi, iska ta taru, ruwa ya biyo baya. Yawanci daga minti 30 zuwa awa 2 bayan an sha ake jin abin. Wannan gado ne, shi ya sa Fulani makiyaya da yawa ke shan madara ba ta dame su ba.

Yaya za ki gane? Ki bar madara, ta gari da ta gwangwani, tsawon mako 2. In ciki ya lafa, ki sake sha ki gani. In kumburin ya dawo, to kin kama ɓarawonki.

Ba sai kin rabu da ita gaba ɗaya ba. Yawancin masu wannan matsala suna iya shan kamar kofi ɗaya ba wahala, musamman tare da abinci, ba a kan yunwa ba. Nono da kindirmo sun fi sauƙi, domin tsamin da suka yi ya riga ya cinye wani ɓangare na sukarin. Man shanu kuwa kusan babu sukarin a cikinsa. Sai dai ɗanyar madarar shanu a tafasa ta kafin a sha, saboda cututtuka.

Mai juna biyu da mai goyo, ƙashinku na buƙatar abin da madara ke bayarwa. In kin rage ta, ki ƙara zogale, miyar kuka, riɗi da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu. Kuma kada ki cire jariri daga mama don ke madara na damun ki.

Amma fa ki kula: in kin ga jini a bayan gida, ko kina rama, ko amai da zazzaɓi, ko kumburin ya ƙi tafiya bayan kin bar madara, kada ki tsaya jiƙa kanwa. Ki gaya wa maigida ya kai ki asibiti.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani. A gaida maigida da yara, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.