Kafin ka sayi injin walda saboda bidiyon TikTok, ka san abin da jikin mota ke buƙata

Idan kana yawan leƙa TikTok ko YouTube, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da irin wannan bidiyo ba: tsohuwar mota da tsatsa ta cinye, wani ya yanke inda ya ruɓe, ya ɗora sabon ƙarfe, tartsatsi ya tashi, kafin minti ɗaya ya cika mota ta fito fes tana ƙyalli. Sai ka ji kai ma hannunka na ƙaiƙayi.

Wannan sha'awa ta sauya wa mota fasali ba yau ta fara ba. Ta yi ƙarfi ne a jihar Kalifoniya ta Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, inda wasu 'yan'uwa biyu, Sam da George Barris, suka yi suna wajen yanke ginshiƙan rufin motoci irin su Mercury don rage musu tsawo. Yau wayar hannu ta kawo mana aikin har gida, injinan walda ƙanana kuma sun cika kasuwa. Abin da bidiyon ba ya nuna maka shi ne awannin da mai aikin ya ɗauka yana jiran ƙarfe ya huce. Duk sirrin waldar jikin mota yana nan, wajen sarrafa zafi.

Me ya sa ta bambanta da waldar ƙofa?

Kaurin fallen ƙarfen da ake yin ƙofa, bonet da rufin mota yakan kama daga milimita 0.7 zuwa 1. Katin ATM ɗinka milimita 0.76 ne, ka ga kusan kaurinsu ɗaya ke nan. Ƙarfe na narkewa a wajen digiri 1,500 a ma'aunin Selshiyos, ita kuwa wutar walda ta haura digiri 3,000. Idan ka daɗe a waje guda ko da daƙiƙa biyu ne, sai ka ga rami.

Ko ramin bai fito ba, akwai wata matsalar. Wajen da ya yi zafi yana kumbura, idan ya huce sai ya tsuke ya janyo na kusa da shi. Shi ya sa za ka ga ƙofar mota ta yi tudu da kwari bayan an yi mata walda, sai a dinga lafta mata fila don a ɓoye. Bayan 'yan watanni filar ta tsage, fenti ya ɓare, kuɗi ya tafi a banza.

Wane inji ya dace?

Injin da aka fi sani a unguwanninmu shi ne mai amfani da sandar elektirod, wanda ake haɗa ƙofofi da tagogi da shi. Yana da araha kuma yana da ƙarfi, amma sanda mai kaurin milimita 2.5 tana son wuta amfiya 60 zuwa 90. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce kimanin amfiya 40 ga kowace milimita ɗaya ta kaurin ƙarfe, wato fallen mota amfiya 30 zuwa 40 kawai yake so. Wannan inji zai huda shi.

Waldar gas, wadda ake haɗa iskar oksijin da kabayid, ita ce yawancin masu gyaran bodi ke amfani da ita a garejojinmu, kuma gwanaye na fitar da aiki mai kyau da ita. Sai dai harshen wutar yana ɗumama waje mai faɗi, don haka a hannun ɗan koyo falle ya fi saurin lanƙwashewa.

Wanda ya fi dacewa da mai farawa shi ne MIG, fasahar da aka ƙirƙiro a Amurka a 1948. Injin ne ke turo siririyar waya da kansa ta bakin bindigar, iskar gas kuma na rufe narkakken ƙarfen don kada iskar waje ta lalata shi. A jikin mota ana sa waya mai kaurin milimita 0.6, da gas ɗin da aka haɗa agon kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari, sauran kuma CO2. Zallar CO2 ma tana aiki kuma ta fi sauƙin samu, sai dai ta fi zafi da yawan tartsatsi.

A kula da injinan da ake tallatawa a intanet da sunan MIG marar gas. Wayarsu na ɗauke da wani gari a ciki wanda ke maye gurbin gas ɗin, tana da kyau a ƙarfe mai kauri, amma zafinta ya yi wa fallen mota yawa. Shi kuwa TIG ya fi kowanne tsaftar aiki, amma yana son hannu biyu da doguwar koyo.

Idan za ka saya, kada lambar 250 ko 300 da aka rubuta a kwali ta ruɗe ka. Tambayar da ta shafe ka ita ce: zai iya sauka zuwa amfiya 30 ya tsaya daram? Idan kuma da janareta za ka yi aiki, ka tabbata wutarsa ba ta hawa da sauka, domin hakan na ƙona allon lantarkin injinan inbata.

Ɗigo-ɗigo ake yi

Kada ka fara a kan mota. Je ka wajen 'yan gwangwan ko kasuwa irin Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, ka sayi tsohuwar ƙofa ko bonet, ka yayyanka ka dinga haɗawa.

Da farko ka kankare fenti, tsatsa da maiƙo har sai farin ƙarfe ya fito a ɓangarorin biyu. Ka yanka facin daidai da ramin, tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce kaurin wayar waldar. Sannan ka ɗiga walda guda, ka tsallaka can nesa ka ɗiga wata, ka bar kamar santimita 3 tsakanin kowane ɗigo. Ka jira har ka iya taɓa wajen da hannu, sannan ka dawo ka ɗiga a tsakankaninsu. Haka za ka yi ta yi har layin ya cike. Ja ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, irin na waldar ƙofar gida, shi ke kashe falle.

Idan rami ya buɗe, ka tokare bayansa da guntun jan ƙarfe, wato tagulla. Waldar ba ta manne masa, kuma yana shanye zafi. Wajen goge waldar da injin gurza ma a bi a hankali, don shi ma yana haifar da zafin da zai lanƙwasa aikin. Sannu ba ta hana zuwa.

Motar yau kwamfuta ce mai taya

Kafin ka kunna inji, ka cire kan batir mai alamar ragi. Ka maƙala wayar at kusa da inda kake aiki a kan ƙarfe mai tsafta, don kada wutar ta bi ta cikin wayoyin mota ta ƙona ƙwaƙwalwarta. Idan akwai na'urar lantarki ko wayoyin jakar iska kusa da wajen, a cire su tukuna. Ka leƙa bayan fallen kuma: kafet, soso da bututun mai na iya kamawa da wuta ba ka sani ba.

Ka ɗora maganaɗisu a jikin motar. Idan bai kama ba, ko dai fila ce mai kauri ko alminiyum ne, kamar jikin Audi A8 ko Ford F-150 daga samfurin 2015, kuma shi waldarsa daban take.

Akwai wuraren da ɗan koyo ba shi da hurumi a cikinsu. Ginshiƙan da ke tsakanin ƙofofi da ƙashin motocin zamani ana yin su da ƙarfe na musamman wanda zafi ke rage wa ƙarfi. Idan ka yanka ka haɗa, zai yi kyau a ido, amma ranar haɗari ba zai kare na ciki ba. Tankin mai kuwa, ko babu ɗigo a ciki, tururin da ya rage ya isa ya fashe. Tukunyar gas ta CNG, wadda ke ɗaukar matsin da ya kai ba 200, ba a yi mata walda ko kaɗan.

Idonka da huhunka

Sau nawa ka ga mai walda da baƙin tabarau na kwalliya, ko yana kawar da kai kawai? Hasken walda na ƙona fatar ido, kuma ciwon ba ya tashi nan take. Sai bayan awa 6 zuwa 12, galibi cikin dare, mutum ya ji kamar an zuba masa yashi a ido.

Maganin wannan wata na'ura ce da za ta burge duk mai son fasaha: hular walda mai duhunta kanta. Kamfanin Hornell na ƙasar Suwidin ne ya fito da ita a 1981 da sunan Speedglas. Gilashinta LCD ne, dangin allon waya, da ƙananan na'urorin gane haske waɗanda ke duhunta shi kafin ƙiftawar ido. Ka nemi wadda duhunta ke sauyawa daga lamba 9 zuwa 13.

Hayaƙin ma ba abin wasa ba ne. A 2017 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin walda cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji. Ƙarfe mai rufin zinki, wanda ya yi yawa a motocin zamani, hayaƙinsa na kawo zazzaɓi da ciwon jiki. Ka yi aiki inda iska ke wucewa, ka sa takunkumi mai tace hayaƙi, da safar hannu ta fata da rigar auduga mai dogon hannu. Yadin roba narkewa yake ya manne a fata.

Wayarka za ta taimaka: ka ɗauki hoton gaba da bayan kowane gwaji, ka rubuta saitin da ka yi amfani da shi, ka kwatanta. Amma bidiyo ba zai ji ƙarar injinka ya ce maka wayar ta yi gudu ba. Ka samu wani ogan gareji da aikinsa ya yi suna, ka kai masa guntayen da ka haɗa, ya sa su a bakin matsi ya lanƙwasa. Ranar da ƙarfen ya yage a gefe waldar ta tsaya, ranar ce za ka fara tunanin taɓa mota.