Mazan Jiya da Gidajen Levitt: Yalwar Arziki a Amurka Bayan Yaƙin Hitila

Sa'ad da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, Turai da Japan sun zama kufai, amma masana'antun Amurka ko ƙwarzane ba su yi ba. Wannan shi ne tushen yalwar da ta biyo baya. Sai dai arzikin ƙasa daban, arzikin magidanci daban. Abin tambaya a nan shi ne, ta wace hanya dukiyar ta gangaro har cikin gidan ma'aikaci?

Hanya ta farko ita ce dokar da Shugaba Roosevelt ya sa wa hannu a 1944 domin sojojin da za su komo gida. Gwamnati ta ɗauki nauyin karatunsu, ta kuma tsaya musu a banki don su ci bashin gida. Fiye da miliyan 2 daga cikinsu suka shiga jami'o'i da kwalejoji, da yawa kuwa 'ya'yan manoma ne da leburori waɗanda a da ko a mafarki ba su tsammaci haka ba.

Ganin wannan kasuwa, sai wani magini, William Levitt, ya sayi gonakin dankali kusa da birnin New York. Tsakanin 1947 da 1951 ya gina gidaje sama da 17,000, kusan duka kama ɗaya, kowace ƙungiyar ma'aikata tana bi gida-gida da aikinta guda, kamar yadda ake haɗa mota. Gida ɗaya bai kai dala 8,000 ba, ga firji a ciki. Iyalan da ke zaune a gidan kansu suka tashi daga kashi 44 cikin ɗari a 1940 zuwa 62 a 1960. Talabijin kuwa, a 1950 gida ɗaya cikin goma ke da ita. Kafin 1960 ta shiga kusan tara.

To, amma a ganina duk wanda ya tsaya nan ya faɗi rabin labari ne. Takardar yarjejeniyar gidajen Levitt ta hana duk wanda ba farar fata ba zama a ciki, sai fa ɗan aiki. Baƙin da ya yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa, dokar ta ba shi haƙƙi a rubuce, banki ya hana shi a aikace. Tun da yake gida ne babbar dukiyar da ake bar wa magada, ratar ta bi 'ya'ya da jikoki. Ba a haramta irin wannan wariya a cinikin gidaje da dokar tarayya ba sai 1968, lokacin da farashin gidajen ya riga ya yi nisa.